Akwatunan Ƙudajen Babanki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai.

Ummi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaida mamanki da ƙannenki, da kawunki Ɗanladi da mutanen gidansa, da duk wanda har yanzu yake tambayata a unguwarmu Gangare ta Jos, in da saura. Allah Ya sa takardar nan ta same ku cikin lafiya da rufin asiri, Ya tsare ku daga abin ƙi na fili da na ɓoye.

Saƙonki ya iso. Na saurare shi a tsaye gaban injin wanke kwalabe, na sake saurara a cikin bas. Kin ce an ɗauke ki aikin bincike a wata tashar daji kan tsaunin Mambila, za ki tashi bayan Sallah, kuma ƙudajen rawa za ki nazarta. Abu biyu kika nema: albarkata, da izinin ɗaukar akwatunan ƙudajen da na bari a saman kwabar mamanki, wai ki ƙarasa aikina. Ban gama juya maganar ba sai ga kiran mamanki. Ita abu ɗaya ta nema, in ce a'a. Ta ce, "Yarinyar nan ba ta jin tawa. Amma kai da ba ta gani, ko tari ka yi a waya sai ta miƙe tsaye. Ka hana ta. Ƙuda ya cinye min miji, ba zai ƙara da 'ya ba."

Na kasa ba ta amsa, ke ma na kasa ba ki. A waya bakina ba ya aiki, sai "lafiya lau" da "Allah Ya rufa asiri". Shi ya sa na zauna na rubuta. Kada ki tsallaka ƙarshe neman amsa, na san halinki, nawa ne kika ɗauko. Ba labarin ƙasar nan zan ba ki ba, babu abin ji a ciki sai sanyi. Inda na yi tuntuɓe zan nuna miki.

Lokacin da na fara aikin nan, in na fito da ragata a kafaɗa sai na bi ta gaban shagon Sale Tela, inda majalisar unguwa take zama. Ba su taɓa barina na wuce salin alin ba.

"Dakta Ƙuda, an fito farauta?"

"Dakta, ka daina wahalar da kanka zuwa bayan gari. Ka zo teburin Bala mahauci, kafin azahar ka cika buhu."

Ni kuwa sai in ɗaure fuska in ce, "Ba za ku gane ba." Wata rana Sale ya tsayar da keken ɗinkinsa, ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "To ka gwada mu mana, Dakta. Mun gane injin ɗinki, mun gane zaɓe, ƙuda ne zai gagare mu?" Aka yi dariya, na wuce. Daga ranar na sauya hanya, na koma bi ta bayan masallaci. Na ɗauka raini ne. Sai da na zo ƙasar da mutum zai yi shekara maƙwabcinsa bai tsokane shi ba, sannan na gane cewa gayyata ce. Benci suke matsa min, na ƙi zama.

Ga abin da ya kamata in ce musu, kuma bai fi ƙarfin kowa ba. Wannan ba ƙudan mahauta ba ne. Babbansu da ƙyar ya wuce ƙwayar shinkafa, wani kuwa ƙwayar riɗi ce. Ba ya sauka a kan tuwo, ba ya cizon mutum. Mafarauci ne. Yana da ɗan kai kamar ƙwallo, da doro a baya, da dogayen ƙafafu, da baki kamar tsinke wanda yake soka wa ƙananan ƙwari ya tsotse su. Wasunsu ƙafafun gabansu masu ƙaya ne, suna naɗewa kamar na ƙoƙi-ƙoƙi. In la'asar ta yi sanyi sai su taru a iska kusa da ruwa, suna sama suna ƙasa, daga nan sunan rawa ya fito. A wasu iri, namiji ba ya shiga filin rawa hannu wofi, sai ya kamo ɗan ƙwaro ya miƙa wa mace. Kuma cikin abin da suke ci akwai masu ɓata ganyen lambu. Da na faɗi wannan na ƙarshe kawai, kawunki da ke lodin kabeji a kasuwar Farin Gada shi zai fara gyara zama.

Don haka ki koyi faɗin aikinki da Hausar da mai sayar da yalo zai ji. A Mambila za su yi miki dariya, su sa miki suna. Ki amsa sunan. In an matsa miki benci ki zauna. Wanda ya yanke kansa daga mutane saboda ilmi, ranar da ilmin ya tsaya masa a maƙogwaro babu mai miƙo masa ruwa.

Inda nake kamu, in kin hau mota daga Tina Junction kika nufi wajen duwatsu, akwai wani ɗan rafi da ya ratsa gonar wani dattijo, Baba Azi. Shi ya ba ni izinin shiga, bai taɓa karɓar ko goro ba. Yadda nake yi shi ne in kaɗa raga cikin ciyawa da sauri, in juye abin da ya shiga a kwalbar kisa, in koma ɗakin bincike in duba a madubin likita. Rayayyen ƙuda ban cika tsayawa kallonsa ba. A ganina wannan aikin yara ne.

A cikin kamun na ga kala biyu. Ɗaya idanunsa sun haɗe a saman kai, ƙafafunsa sirara. Ɗaya idanunsa a rabe, ƙafafunsa da wasu faffaɗan ɓawo a jere kamar gashin tsuntsu, sai ka ce ya sa wando mai geza. Na rubuta su iri biyu dabam. Na lura duk na farkon maza ne, duk na biyun mata, amma na gaya wa kaina ban dace da abokan zamansu ba ne tukuna. Ina son su zama biyu, shi ke nan. Na tsaya gaban malamai da ɗalibai na yi bayani, aka tafa. Babu wanda ya musa, don babu wanda ya san su.

Da damina ta zagayo, ruwa ya tsare ni ƙarƙashin wata bishiya a bakin rafin. Rashin abin yi ya sa na ɗaga kai. Ga su nan a bayan ganye, namiji ya rataye da ƙafafun gaba, ya riƙe mace, ita tana cin abin da ya kawo mata. Shi mai sirarar ƙafa, ita mai wando. Na yi salati da ƙarfi har Baba Azi ya jefar da fartanya ya taho.

"Malam, maciji ne?"

"Baba, mata da miji na raba. Na ce wa duniya ba dangi ba ne."

Ya leƙa, ya daɗe yana kallo, sannan ya fashe da dariya. "Kai Malam! Alƙali ma yana jin bakin mutane kafin ya kashe aure. Matar ta yi ƙara ne?"

Na koma na janye maganata a gaban waɗanda suka tafa. Wannan kam na yi daidai, ba zan rage wa kaina ba. Amma ke kada ki kai ga haka. Kafin ki kaɗa raga, ki tsuguna ki yi kallo har ƙafarki ta yi tsami. In kin samu biyu a haɗe, ki kama su su kaɗai, ki soke su a allura ɗaya, ki rubuta a ƙasa cewa tare kika same su. Kada launi ya ruɗe ki, launi yana sauyawa in jiki ya bushe. Kada girma ya ruɗe ki, wanda ya ƙoshi yana tsutsa ya fi ɗan'uwansa girma. Ki dubi jijiyoyin fiffike, ko wadda ta nufi tsinin fiffiken ta rabu biyu ko ta tafi ita kaɗai. Ki dubi gaɓa ta uku ta ɗan ƙahon da ke goshinsa, da siririn gashin da ke bakinta. Ki dubi wace ƙafa ce mai ƙaya, ta gaba ko ta tsakiya.

Ko manyan ma suna gyara kansu. A littattafan da na fara karatu da su, duk a gida ɗaya aka zuba su, Empididae. Daga baya aka raba gidan, aka fitar da masu tudun doro da masu gudu a kan ganye aka kira su Hybotidae. Na yi ta masifa, na ce Turawa sun rasa aikin yi. Gaskiyar magana, ƙyuyar sake rubuta takardun ƙasan allura ce ta dame ni. Da na zauna na duba da kaina, na ga suna da hujja. In wani ya rushe miki tsari, ki fara duba ƙudan kafin ki duba fuskar mutumin.

Yanzu ga wadda ta karya ni. Ba maganar da uba zai yi da 'yarsa ba ce, amma sana'a kika zaɓa, kuma kin riga kin sani daga aji. A ƙudajen nan, hukunci na ƙarshe yana ƙarshen jikin namiji, wato al'aurarsa. Mata na iri dabam-dabam sukan yi kama har ki rantse ɗaya ne. Namiji shi ke da ƙugiyoyi da lanƙwasa irin nasa shi kaɗai, a wasu ma abin a murɗe yake gefe guda. In babu namiji, da wuya masana su karɓi sabon suna daga hannunki.

A saman gonar Baba Azi akwai wani dutse da ruwa ke zubowa a kansa, kullum a jiƙe. A nan na samu wani iri da bai dace da kowane bayani da na mallaka ba. Mata na samu da dama. Namiji ɗaya tak. Yadda ake yi, a yanke ƙarshen cikin, a jiƙa a ruwan fotash mai ɗumi ya cinye naman ya bar ɓawon, a wanke, a sa a gilisarin, a zana. Abu ne na tsayawa a kai, ido ba ya ɗagawa. Na yanke, ban zana komai ba tukuna, na ɗora a wuta. Sai na ji muryar wani abokin aikina a baranda yana cewa madubin da nake amfani da shi na sashenmu na jami'a ne, ba gadon gidanmu ba. Na fita. Na tsaya na wanke shi tas, ɗalibai suna kallo, kuma na ji daɗin kaina. Da na dawo, abin da ke cikin kwalbar ya zama kamar majina. Na taɓa shi da allura ya watse.

Mutumin nan yana da gaskiya, madubin na sashe ne. Ban taɓa gaya masa ba.

Kada ki taɓa yanka tilo sai kin zana shi ta kowane gefe, kin ɗauki hotonsa. In abu yana wuta, ko sunanki aka kira da zagi, ki bari ya sauka. Zagi yana jira, fotash ba ya jira.

Na ce ba komai, damina mai zuwa zan kamo wani. Sai gari ya rikice, irin rikicewar da kika taso kika tarar da tabonta. Mutumin Gangare ya daina ƙetara wasu unguwanni, su ma suka daina shigowa tamu. Baba Azi ya aiko ta bakin wani direban tumatir a Farin Gada, kawunki ya kawo min saƙon: "Ka ce wa Malam ƙudajensa suna nan. Ya zo, babu mai taɓa shi a gonata." Na ce sai an ƙara lafawa. Ya sake aikowa. Na ce sai baɗi. Tsoro ne, kuma ba zan ce tsoron banza ba ne, mutane sun fita ba su dawo ba. Amma an daɗe da lafawa ina nan ina cewa baɗi.

Ranar da na je, na tarar Baba Azi ya riga ya rasu. Ɗansa Izang ya karɓe ni da mutunci, ya kawo min ruwa. An sare bishiyoyin bakin rafi an shuka kabeji, ga injin ban ruwa yana ƙara, ga warin feshi. Dutsen nan mai jiƙa an fasa shi an sayar wa masu gini. Na tsaya ina kallon ramin. Izang ya ce, "Malam, ka yi haƙuri. Baba ya hana a taɓa wurin nan saboda kai, har ya mutu. Amma ka ga yaran nan. Ƙuda zai ciyar da su?" Ban ga laifinsa ba a ranar, ban gani ba yau. Na yi ta komawa damina bayan damina, na bi rafukan da ke kusa, ko mace ban ƙara gani ba.

In mutum ya ce miki zo, kuma zuciyarki ta shaida shi, ki je tun yana da rai. Wurin da kika gani bana kada ki ɗauka zai jira ki.

Daga nan ne tunanin tafiya ya shige ni. Na ce Turawan zamanin haƙar kuza sun kwashi ƙwari daga Jos sun kai gidajen ajiyarsu, wataƙila namijin yana can cikin wata durowa ba suna. Aka ba ni izinin 'yan watanni. Kina firamare, kin riƙe min jaka har bakin mota. Matar da ke kula da ajiyar ta yi min adalci, ta ba ni tebur da mabuɗi, ta nema min ƙarin lokaci. Na buɗe durowa bayan durowa. Babu shi. Tallafi ya ƙare, takarduna suka mutu, na ce ba zan sauka a Gangare hannu wofi Sale Tela ya tambaye ni ina ƙudan ba. Sai na samo wani abu tukuna. Kin ga abin da na samo: ina wanke kwalabe a kamfanin miya. Idona ya yi rauni, yau ko an ajiye min namijin a gabana ba zan iya yanka shi ba. Sale kuwa an ce min ya rasu, bai samu ya tambaye ni ba.

Abin da na iya shi ne aiko jaka. Takalma, rigunan sanyi, agogo. Tun muna saurayi da budurwa na taɓa ba mamanki labarin wani irin ƙudan rawa da namiji ke naɗe kyautarsa cikin zaren da yake fitarwa daga ƙafarsa, wani kuma ya naɗe zaren kawai, ciki babu komai, ya miƙa. A lokacin ta yi dariya har da riƙe ciki. Shekarar da kika gama sakandare na aiko jaka maimakon kaina, na kira in ji ko ta iso. Ta ce, "Ta iso. Naɗin ya yi kyau, Malam." Ta kashe wayar.

Matar nan ta ɗinka kayan makarantar 'ya'yan mutane har bayanta ya lanƙwashe, don ku yi karatu. Duk abin da ta faɗa a kaina, ragi ta yi min. Kada ki taɓa ɗaukar tsoronta jahilci. Ta ga abin da aikin nan ya yi wa gida ɗaya, da idonta.

To ga amsarki.

Ki tafi. Na sa miki albarka, duniya da lahira. Na juya maganar ta kowace fuska, na ga in na hana ki, na hukunta ki ne a kan laifin da ni na yi. Ƙuda bai fitar da ni baranda ba, bai hana ni amsa kiran Baba Azi ba, bai riƙe ni a ƙasar nan ba. Ba zan ce miki aikin yana da riba ba. Dazuzzukan suna ƙarewa, wataƙila rabin abin da za ki sa wa suna jikokinki ba za su gan shi da rai ba, kuma babu mai gode miki. Amma kin iya, malamanki sun shaida, kuma kina so.

Akwatunan kuwa ban yarda ba. Ba za su hau mota da ke ba. Na farko, an yi shekaru ba a sa musu kafur ba, ina zaton ƙwarin nan masu cin busasshiyar fata sun gama da yawancinsu, allurai ne a tsaye da gari a ƙasa. Amma ko da lafiyarsu ƙalau, ban yarda ba. In kika tafi da matan ƙudajen nan, namijina za ki je nema. Duk ƙudan da ya faɗo ragarki za ki dube shi da tambayar ko shi ne, in ba shi ba ne ki ture shi gefe, alhali wataƙila abin da kika ture ɗin babu wanda ya taɓa ganinsa. Za ki yi shekaru a kan dutsen wasu kina neman abin da ya mutu a gonar Izang. Aikina bai tsaya rabi ba, Ummi. Ya ƙare ne, a haka ya ƙare. Ki fara naki.

Kafin ki tafi, ki sauko da su tsakar gida da rana ki buɗe. Wanda ya tsira, da takardarsa a ƙasa, ki kai ajiyar sashenku, ki rubuta cewa rafin babu shi yanzu. Sauran ki share. Katakon mai kyau ne, mamanki ta zuba zare da maɓallai. Kuma in Allah Ya ba ki sabon iri, kada ki sa masa sunana. Ki sa masa sunan rafin da kika same shi, ko mutanen wurin sa ji an ambace su.

Sharaɗina ɗaya ne, kuma a kansa albarkar take. Ranar da wa'adinki ya cika, ki hau mota ki dawo Jos, ko da kwalabenki babu komai. Ki shigo unguwa ta babbar hanya, a tambaye ki ina ƙudan, ki ce ban samu ba, ki shiga gida ki ci tuwo. In za ki koma, ki koma daga gida.

Kada ki gaya wa mamanki. Ni zan kira ta, daga bakina za ta ji. Abu ɗaya ta roƙe ni a duk shekarun nan, shi ne kuma na ƙi yi mata. Ina jin daga ranar ba za ta ƙara ɗaukar wayata ba, kuma ba zan ce ta zalunce ni ba. Ke dai kada ki shiga tsakani, kada ki kare ni. Kwanakin da suka rage miki a gida ki zauna kusa da kekenta, ki riƙe mata bakin yadi.

Kin tambaya ko zan zo kafin ki tashi. Ba zan zo ba. Na daina cewa baɗi, kada ki jira ni a bakin mota.

Allah Ya kai ki lafiya, Ya tsare ki a hawan dutsen nan da saukarsa. Ya kare ki daga mugun direba, da mugun ruwa, da mugun mutum mai fara'a. Ya haɗa ki da masu tsoronSa a inda ba ki da kowa. Ya ba mamanki haƙurin da ni na cinye mata, Ya dawo mata da ke kan ƙafafunki. Ki riƙe salla, ki riƙe rigar sanyi, an ce can ya fi Jos.

Wassalam.

Babanki.